Abincin da Ba Ya Kwana

A gidanmu ba ma duba kalanda kafin mu san bazara ta shigo. Tuwo ne ke faɗa mana. Duk tsawon hunturu, in aka tuƙa tuwon dare ba abin da ke saura sai malmalar da aka ɓoye don ɗumame. Amma daga ƙarshen Fabrairu, ranar da aka ga yara sun yi loma uku sun ture kwano suna neman ruwa, sai Goggo ta dubi Inna ta ce, "To, baƙuwarku ta iso. A rage awo."

Duk wanda ya shekara a Dubeli ya san wannan baƙuwa. Jimeta a kwari take, a bakin Binuwai, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin rana kan haura digiri 40. Rufin kwano ya ɗau zafi tun hantsi, bango ya riƙe shi har bayan isha'i, ruwan jarka kuwa kamar an sauke shi daga murhu. A irin wannan yanayi ciki ma canza hali yake yi. Abin da mutum ke marmari a watan Disamba, a Afrilu ko kallonsa ba ya son yi.

Kakanninmu ba baƙin zafi ba ne. Daga Kano suka zo, da Katsina, da Haɗeja, da Sakkwato. Wasu fatauci ya kawo su, wasu almajiranci, wasu kuma aikin bakin ruwa, zamanin da jirage ke hawowa kogi da damina su kwashi gyaɗa da auduga. Sun zo da dabarunsu na bazara: fura, farau-farau, kunun tsamiya, kwaɗo. Suka tarar da na masu ƙasa, suka haɗa. Shi ya sa yau za ka ji Bahaushiya a unguwar nan tana aiken yaro ya sayo mata follere, alhali yakuwa take nufi, ko ta ce yau miyar tasba za ta yi, wato tafasa. 'Yan'uwanmu na Kano in sun zo ziyara sukan yi mana dariya, su ce Hausarmu ta sha nono. Mu kuwa sai mu miƙa musu kofin kunun gyaɗa, su yi shiru.

Girkin bazara yana da agogonsa. Mace mai dabara tana hura wuta tun da asuba, kafin rana ta fito ta kashe. Da safe kunun gyaɗa ne sarki, kuma mun yarda a nan muka ƙware a kansa. A ɗan soya gyaɗa sama-sama don ɓawon ya fita, a niƙa, a tace ta zama kamar madara, a ɗora a wuta ana juyawa kada ta kama, a zuba shinkafa ko ƙullunta, sannan a kashe da ruwan tsamiya ko lemon tsami. Tsamin nan shi ne sirrin. Shi ke sa mutum ya sha kofi biyu cikin zafi bai ji nauyi ba. In da hali a haɗa da ƙosai ko waina. In babu, kunun kaɗai na riƙe yaro har a taso daga makaranta.

Da rana ba mai son ganin hayaƙi. Nan ne fura da dakkere ke shigowa. Dakkere, ga wanda bai daɗe a garin nan ba, gari ne ake turarawa ya yi dunƙule-dunƙule, a farfasa shi cikin kindirmo. Sai dai bazara lokacin tsadar nono ne. Ciyawa ta bushe, shanu sun rame, makiyaya sun yi nisa neman ruwa, ƙwaryar mai nono ta ragu. Wani nonon da za ka saya a Afrilu rabinsa garin 'ya'yan kuka ne, wani kuma na madarar gari ne aka kwana da shi ya yi tsami. Ba ma faɗa da masu nono a kan haka, mun san ba su suka hana ruwan sama ba. Gidan da nono ya gagara sai a koma kwaɗo: zogale ko rama a tafasa a matse, a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tumatir, a yaryaɗa ɗan mai. Kwano ɗaya, mutum biyar, a inuwar darbejiya.

Allah bai bar mu haka nan ba, tunda ya ajiye mu kusa da ruwa. Idan kogi ya ja baya, yashi ya fito fili har ana hango shi daga kan gada, masu noman rani kan bi gaɓa da kewayen tafkin Geriyo su shuka alayyafo, tumatir, tattasai, albasa da shinkafa. Masunta na kawo ƙarfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, wanda bai ƙare ɗanye ba a banda shi tun kafin ya juya. Sai kuma mangwaro. Daga Maris ƙanana kan fara shigowa a baro, zuwa Afrilu ko ina ka duba ƙwallo ne a zube da ƙudaje a kai, da yara masu rawayar haɓa. Kankana a bakin titi, gurji, goruba, garin ɗorawa. Can gefe mahauta sun baza yankakken nama a rana, don kilishi ba ya son komai kamar wannan zafi da ke wahalar da mu. Tumatir ne dai ke yaudararmu. Da farkon bazara arha kamar a ba ka kyauta, kafin damina ta zauna ya zama sai mai hali. Iyayenmu sun san halinsa, shi ya sa suke yanka shi su shanya tun yana arha.

Da la'asar sakaliya unguwa take farfaɗowa. Mai ƙosai ta fito da kaskonta, mai awara ta jera nata, mai tsire ya kewaye wutarsa da tsinke, yara na zagawa da kula cike da zoɓo da kunun aya da lamurje a ƙulle cikin leda. Masu keke su tsaya su sha su wuce. Magidanci da ya dawo daga babbar kasuwar Jimeta, wanda ya san tuwo ba zai shiga ba, ya tsaya ya ƙullo wa iyali ɗanwake ko gasasshen kifi.

Akwai masu cewa abincin titi ya kashe girkin gida. Mu da muka tashi a lungunan nan mun san maganar ba haka take ba. Wa ya dafa zoɓon da ke cikin kular nan? Wa ya jiƙa waken suya tun dare, ya kai niƙa, ya tace, ya ɗaure awarar? Matan unguwar nan ne, a cikin gidajensu, a kan murhun da suke dafa wa 'ya'yansu. Farantin da ke bakin titi daga tsakar gidan wata ya fito. Kuɗin da ka ba yarinya mai alale shi ne kuɗin sabulu da na littafi a wani gida da ka san ƙofarsa. Da shi zawarawa da yawa suka riƙe marayu ba su roƙi kowa ba.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata doka ce ta bazara da muka taso muka tarar, muka sake ta ba mu lura ba, har sai da ta ba mu kunya.

Dokar ita ce abincin bazara ba ya kwana. Tuwon da zai yi ɗumame mai daɗi a Janairu, a Afrilu kafin asuba ya fara yauƙi. Miyar gyaɗa ta yi kumfa. Kunun aya da aka yi da safe, kafin magariba ya juya. Alale kuwa ba a ma maganarsa. Randa na sanyaya ruwa, don tana tsattsafo ta jikinta iska na ɗauke zafin, amma randa ba ta ajiye miya. Ko tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, ɗanyen kayan miya take riƙewa kwanaki. Dafaffe dai ba shi da ma'aji.

To, abin da ba ya ajiyuwa me za a yi da shi? Sai a raba. Muna yara, bayan sallar magariba aikinmu ke nan. Inna ta zuba ta rufe, ta ce wannan gidan malam, wannan gidan tsohuwa mai daddawa, wannan na Fulanin bayan masallaci, wannan na ma'aikacin asibitin nan Bakilbe da ke haya. Mu fita a guje da kwanuka, mu yi karo da yaran wasu gidajen su ma ɗauke da nasu. A dare ɗaya sai ka ci miyar gida huɗu. A haka muka san wace ce gwanar miyar kuka, wace ce hannunta ke da nauyi a gishiri. A haka kuma iyayenmu suke sanin gidan da ba a hura wuta ba, don yaro ba ya ɓoye abin da ya gani. Kuma kwano ba ya dawowa wayam. Ko goruba biyu ce, ko ɗan ƙullin tsamiya, sai an saka.

Sai firji ya shigo. Ba za mu zage shi ba, don ya yi mana rana. Ya hutar da iyayenmu mata daga hura wuta sau uku, ya ba mu ruwan sanyi da azumi, da shi mata da yawa suka kafa sana'ar zoɓo da ƙanƙara. Amma tun da ya shigo gidanmu, tambayar da ake yi bayan cin abinci ta canza. Da ana cewa, "Wa za a kai wa?" Sai aka koma cewa, "A sa a firji." Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a daina aika kwano. A hankali abin ya tafi. Muka girma, yaran da suka biyo bayanmu ba su san hanyar ba, tsofaffin maƙwabta suka rasu ko suka tashi, sababbi suka shigo haya, katanga ta ƙara tsawo. Goggo kaɗai ke mita, mu kuwa muna cewa tsufa ne.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, ya faɗo tsakiyar bazara daram. Kowa a nan yana tune da shi. Ga zafi, ga tsada. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ya ninka har kusan sau uku, masu janareta suka rage kunnawa, ƙanƙara ta zama abin layi da rige-rige kafin shan ruwa. Kayan abinci kuwa kullum da sabon farashi.

Wajen ashirin ga wata muka yi shirin baƙi. 'Yan'uwa ne za su tsallako daga Girei su sha ruwa da mu. Inna ta yi farfesun kifi tukunya guda, da shinkafa, da alale, da kunun gyaɗa cikin bokiti. Dab da magariba suka bugo waya cewa rasuwa ta tsare su. Muka ci abin da za mu iya, wanda bai kai rabi ba. Goggo daga kan tabarmarta ta ce, "Ku fitar da abincin nan tun yana da zafi." Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Haba Goggo, a wannan tsadar? Ai ya ishe mu sahur da buɗa-bakin gobe har da jibi." Aka juye a robobi, aka cusa a firji.

Cikin dare wuta ta ɗauke. Muka ce za ta dawo da asuba. Da sahur muka ɗan taɓa, muka rufe da sauri don sanyin ya zauna. Wuni ya wuce ba ta dawo ba. Muka ce kada a buɗe, buɗewa ce ke fitar da sanyi. Aka sake kwana. Ranar da ta cika kwana biyu Inna ta buɗe, warin da ya fito sai da ya kore mu daga ɗakin.

Mu biyu muka kinkimi robobin muka bi ta ƙofar baya zuwa bola. Muna cikin juyewa, kifi gunduwa-gunduwa yana gangarawa cikin shara, sai muka ji ƙaramar murya a bayanmu. 'Yar maƙwabciyarmu ce, ba ta wuce shekara goma ba, tana tsaye a bakin ƙofarsu da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Hamma, duk wannan zubarwa za ku yi?" Muka ce ai ya lalace ne. Ta ce, "Ayya." Ta ci gaba da shararta.

Uwarta muna ce mata Adda mai awara. Suna cikin waɗanda suka gudo a ƙarshen 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, Yola da Jimeta suka cika da baƙi har gidajen mutane suka zama masauki. Da ƙura ta lafa da yawa sun koma. Su ba su koma ba, suka kama ɗaki biyu a bayan gidanmu. Daga baya maigidan ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Muna gaisawa kullum, muna sayen awararta, muna ganin mun sauke haƙƙin maƙwabtaka.

Da muka dawo muka ba da labarin abin da yarinyar ta ce, muna ɗan murmushi. Goggo ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Ku tsaya. Yaushe rabon da ku ji ƙamshin suyar awara ta bayan katangar nan?" Muka dubi juna. Muka yi lissafi. Tun kafin a ga wata. Kusan wata guda ke nan kaskon da ke tashinmu kullum da la'asar ya yi shiru, kuma duk cikinmu ba wanda ya lura. Ta ce, "Da kuna aika kwano da kun sani tun ranar farko. Firjinku ya ci abincin, bai gode muku ba."

Bayan asham Inna ta yafa mayafi ta zaga. Da ta dawo ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya muka ji yadda aka yi. Ta tambayi Adda lafiya, Adda ta ce, "Lafiya lau, Yaya, alhamdu lillahi." Ta tambayi sana'a, ta ce, "Na ɗan huta ne saboda azumi." Amma Inna ta ga murhu a share tas, babu ko toka, ta ga kwanon jiƙaƙƙen garin kwaki a gefen tabarma da cokula biyar a ciki. Labarin zuciya a tambayi fuska. Sai da hira ta yi nisa Adda ta faɗa cewa tsadar waken suya da mai ta cinye jarin, abin da ya rage ta biya haya da shi. Ta roƙi Inna kada ta gaya wa kowa.

Washegari mu da ɗokinmu muka ce a auna shinkafa da mai a kai mata, a haɗa da 'yan kuɗi. Goggo ta ce, "Ku dai yaran zamani ba ku iya komai ba. Matar da ta yi wata guda tana shan gari ba ta buga muku ƙofa ba, ita za ku sallama wa da buhu a ka, unguwa na kallo? Wallahi dawo muku da shi za ta yi." Ta sa Inna ta ƙara awo a girkin ranar. Da aka sauke, ta sa aka zuba a babban kwanon sha da na ci, ta kira ƙaramin cikinmu ta ce, "Ka je ka ce, Inna na gaishe ki, ta ce don Allah ku taimaka mana da wannan, ya yi mana yawa, ga zafi ga ba wuta, kada ya lalace."

A ranar muka gane abin da muka yi shekaru muna ɗauka a ka ba mu fahimta ba. Wannan magana da ake ba mu mu faɗa a ƙofar gidaje tun muna yara, "ku taimaka mana kada ya lalace," ita ce ke ɗauke nauyin abin gaba ɗaya. Mai bayarwa ya zama shi ne mai neman alfarma. Mai karɓa ya karɓa kansa a sama, don ya san gaskiya ce, abincin lalacewa zai yi. Gidan mai hali ma ana kai masa, gidan mara hali ana kai masa, kwano iri ɗaya, magana iri ɗaya, ba mai iya nuna wanda aka ji wa tausayi. Zafin da muke kuka da shi ashe shi ne ya yi wa iyayenmu sutura, suka ciyar da juna shekara da shekaru ba wanda ya ji kunya.

Kwanon ya dawo a wanke, da mangwaro uku a ciki. Goggo ta ɗauki ɗaya ta shinshina ta ce, "Kun gani? Yanzu an fara zama." Haka aka yi ta yi har Sallah. Wata rana ya dawo da tsamiya, wata rana da ɗan busasshen karkashi. Bayan Sallah da Inna ta kwashi adashi ta ranta mata kuɗin wake da mai, a matsayin bashi, kuma ta biya a hankali har ta gama. Ranar da ƙamshin awara ya sake tsallako katanga, ba wanda ya yi magana a gidanmu, amma kowa ya ji.

Ba mu kawo wannan labari don a yaba mana ba. Wanda ya zubar da tukunyar kifi a bayan ɗakin marayu ba shi da bakin neman yabo. Kuma mun san halin da ake ciki. Gidaje da yawa a Dubeli yau ba su da ragowar da za su aika, abin da aka dafa da ƙyar yake zagayawa. Amma kwanon bazara tun asali bai taɓa zama na masu kuɗi ba. Ludayi biyu na kunu ne, da ɗan kwaɗo a murfin kwano. Tsohuwa mai daddawa da muke kai wa tuwo ta fi kowa talauci a layinmu, kuma nata kwanon bai taɓa fashin zuwa gidanmu ba. Malamanmu sun sha yi mana wa'azin haƙƙin maƙwabci, har a kan tukunyar miya. Mun ji da kunne, ƙafa ce ba ta kai ba.

Ga masu niyyar farfaɗo da abin, Goggo tana da sharuɗɗa, kuma mun ga hikimarsu. A aika abinci da zafinsa, lokacin da ake zuba na gida. Wanda aka ga ya fara juyawa sannan aka tuna da maƙwabci, wannan cuta ce aka aika masa. Ma'aikatan lafiya na cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi, kuma a zafin Jimeta ba sai an yi mana bayani ba. A rufe kwano, don bazara lokacin ƙuda da ƙura ne. A aiki yaro mai ladabi, a koya masa abin da zai faɗa, a kuma saurari abin da ya gani in ya dawo. Kada a zaɓi gida ɗaya kullum har a gane. Kada a tsaya kan wanda muke masallaci ɗaya ko yare ɗaya da shi, zafin nan bai tambayi kowa addininsa ba. In kwano ya dawo da goruba ɗaya, a karɓa da hannu biyu.

Su ma masu sana'ar bakin titi suna da haƙƙi a kanmu, mu ma muna da shi a kansu. Mu saya a wurinsu, mu biya bashinsu, in muka ga kaskon wata ya yi kwana uku bai fito ba mu tambaya. Su kuma su ji tsoron Allah a kan ruwan da suke haɗa zoɓo da ƙanƙara da shi, su rufe faranti, kada su sayar da kunun jiya da sunan na yau. 'Ya'yanmu ne ke sha, har da nasu. In kuwa tsautsayi ya sa yaro ya kama gudawa a wannan zafi, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari nan take, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibiti.

Firjinmu yana nan, in an kawo wuta yana aiki. Wani daren ma mantawa muke yi, sai an rufe shi Goggo ta yi gyaran murya daga ɗakinta. Amma yanzu yaran gidanmu sun san ƙofofi shida a layin nan da ba su sani ba a da, sun san gidan da ake sa citta da yawa a lamurje, sun san tsohon da ba ya cin yaji.

Nan da 'yan makonni hadari zai haɗo ta gabas, iska ta taso da ƙura, ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshin nan da ke sa mutum ya fito tsakar gida ya tsaya. Tafasa za ta tsiro a bayan gidaje, nono ya dawo ƙwarya, tuwo ya koma kwana lafiya har safe. Daga nan uzurin "kada ya lalace" ya ƙare sai baɗi. Saboda haka wanda ke da ƙofar da ya daɗe bai aika wa kwano ba, yanzu ne lokacinsa, tun zafi na nan. Allah ya kai mu damina lafiya, ya sa mu ga juna da alheri.